Mene ne sirrin lambar 720720?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ƴata tana aji uku a kwaleji, mushensu na lissafi ya ce musu 720720 tana rabuwa da kowace lamba daga 1 har 16 ba tare da saura ba. Na gwada a wayata a shago, haka ne, sai a 17 ta tsaya, saura 5. Yarinyar ta tambaye ni dalili, ina so in ba ta amsa ta gaskiya. Dace ne ko akwai ƙa'ida? Masu ilimi ku taimaka.

Malama daga Karkada: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba dace ba ne. A farfasa lambar zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu: 2×2×2×2×3×3×5×7×11×13. Duk lambar da ke tsakanin 1 da 16 kayan gininta suna nan ciki. 16 tana son 2 sau huɗu, akwai. 9 tana son 3 sau biyu, akwai. 14 kuwa 2 ne da 7. Ita 17 ba ta rabuwa, kuma ba ta cikin jerin, shi ya sa ta ƙi. 720720 ce mafi ƙanƙanta da ke yin wannan aiki. Rabinta, 360360, a 16 take tsayawa. Lambobin da ke raba ta daidai 240 ne, babu wata ƙasa da ita da ta kai haka. Ramanujan na Indiya ya yi rubutu kan irin waɗannan lambobi a 1915.

Abin da na fi so ɗalibaina su gani shi ne: 720720 ita ce 720 sau 1001, 1001 kuma 7×11×13 ce. Ka sa ƴarka ta rubuta kowace lamba mai alƙaluma uku sau biyu a jere, kamar 358358, ta raba da 7, da 11, da 13. Lambarta ta farko za ta dawo mata. Da hannu za ta yi, ban da waya.

Mai Hatsi, kasuwar Dole: Malama, Allah ya ƙara basira. Amma in kuɗi ne akwai magana. Sefa 720720 dala 144144 ke nan, tunda dala ɗaya sefa 5 ce. Mutum 16 kowa ya ɗauki sefa 45045, lafiya lau. Mutum 15 fa? Kowa 48048, alhali ba mu da canjin da ya gaza dala. Mutum 5 da mutum 10 ma haka.

Malama daga Karkada: Gaskiyarka, Alhaji. 5 ɗaya tak ke cikinta, juyawa zuwa dala ya cinye ta. In ana son rabon ya fita a hannu, sai kuɗin ya zama dala 720720, wato sefa 3603600.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau bayan isha'i za mu fara da 358358, sannan in ba ta lissafin Mai Hatsi ta nemo dalilin da kanta.