Neman kalmar Hausa: miyuteshan a jikin mai ɗauke da HIV

Malamai da masu fassara, na daɗe ina juya kalmar Ingilishi ta miyuteshan, wato sauyin da ke aukuwa a bayanan gadon halitta, a raina, domin duk lokacin da aka zo bayanin yadda ƙwayar HIV ke sauyawa a jikin mutum ɗaya, sai in ga an rubuta "rikiɗa" ko "maye gurbi", kuma babu wadda ta kwanta mini a cikinsu.

Mu fara duba abin da ke faruwa kafin mu raɗa masa suna. Bayanan gadon wannan ƙwaya rubutu ne mai harufa kusan 9,700, kuma duk sa'ad da ta shiga ƙwayar garkuwar jiki ta CD4, dole ta kwafe shi kafin ta hayayyafa. Sinadarin da ke yi mata kwafin ba ya waiwayawa ya duba abin da ya rubuta, shi ya sa a cikin kowane harafi 30,000 ko kusa da haka yakan yi kuskure ɗaya. Wani zai ce ai wannan bai taka kara ya karya ba, amma jikin wanda ba ya shan magani na iya fitar da ƙwayoyi kimanin biliyan 10 a rana guda. Galibin waɗanda suka kamu ta hanyar saduwa, ƙwaya ɗaya tak ce ta kafa cutar a jikinsu, sai bayan wasu shekaru a tarar da zuriya mai ɗimbin yawa, kowace da ɗan abin da ya bambanta ta da 'yar'uwarta.

A nan ne "rikiɗa" ta gaza. A kunnen Bahaushe, mai rikiɗa halitta ɗaya ce da ta sauya siffarta da gangan, alhali ƙwayar nan ba ta da niyya ko dabara, kuma ba ita ce ke sauyawa ba, 'ya'yanta ne ke fitowa daban. Abin da ya fi damuna shi ne majinyacin da zai ji kalmar ya ɗauka yana fama da hatsabibin abu da ya fi ƙarfin magani, ya karaya. Ita kuwa "maye gurbi" ta kama sauya harafi da wani, ta bar harafin da ya faɗi da wanda aka ƙara.

Shawarata ita ce mu ce "tuntuɓen kwafi", kamar yadda muke cewa tuntuɓen harshe da tuntuɓen alƙalami. Tuntuɓe ba a yin sa da gangan, kuma yawanci illa yake yi, kamar yadda kurakurai da dama ke raunana ƙwayar ko su hana ta haihuwa. Sai dai wani tuntuɓen yakan tura mai shi gaba. An fara amfani da maganin AZT a 1987, zuwa 1989 har an ga ƙwayoyin da ba ya kama su. Maganin lamibudin kuwa, sauyin harafi ɗaya da ya shafi wuri na 184 a jikin sinadarin kwafin ya isa ya dakushe maganin. Dalili ke nan da ya sa daga 1996 aka koma haɗa magunguna uku, tunda da wuya ƙwaya ɗaya ta dace da dukkan tuntuɓen da take buƙata a lokaci guda.

Ga yadda ma'aikacin lafiya zai iya faɗa wa majinyaci: "Idan kana tsallake magani, ƙwayar za ta koma yin kwafi, kuma a cikin tuntuɓen da za ta yi akwai wanda maganin ba zai kama ba."

Akwai wuri ɗaya da kalmar ba ta kai ba. Kowace ƙwayar HIV tana ɗauke da rubutun nata kwafi biyu, kuma sinadarin yakan tsallaka daga wannan zuwa wancan yana cikin aiki, ya fitar da sabon rubutu mai haɗe da sassan biyun. Wannan ba tuntuɓe ba ne, yana buƙatar nasa sunan, kuma ni "gaurayar gado" nake hange, ko da yake zan so in ji ta bakinku kafin mu tsayar.