Neman kalma: me za mu kira annuity da Hausa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Dattawanmu masu ajiye aikin gwamnati a nan Legas, wasu sun cika shekara 60, wasu shekara 35 a bakin aiki, suna kawo min fom in karanta musu, kuma kullum a wuri ɗaya muke cijewa. Tun dokar fansho ta 2004 kowa da asusunsa, bayan gyaran 2014 kuma ana cire kashi 8 daga albashinka, gwamnati ta ƙara kashi 10. Ranar ritaya sai a ce zaɓi ɗaya daga hanyoyin karɓar fansho biyu: programmed withdrawal ko annuity. Na farkon ina ce musu "fanshon tsakure", suna ganewa. Na biyun fa?

Hajiyar Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ai "fanshon inshora" ne ɗana, tunda kamfanin inshora ake miƙa wa kuɗin.

Ɗan Agege: Gaskiya ne Hajiya, amma sunan ya faɗi mai riƙe kuɗin ne kawai. Tsoho idan ya ɗora tabarau yana bin fom da yatsa, tambayarsa biyu ce: har yaushe za a biya ni, in na mutu 'ya'yana fa?

Malamin Obalende: To a ce "fanshon rai-da-rai".

Hajiyar Idi-Araba: Haba Malam! Mutum ya gama bautar gwamnati kuma a sa masa sunan ɗauri?

Tsohon Akawu: Ni da aka yi a kaina bari in sa baki. A tsakure kuɗin na nan cikin asusunka, kamfanin fansho na juya shi yana gutsuro maka duk wata, abin da ya rage ranar da ta Allah ta kasance na magada ne. A annuity kuwa ka miƙa wa kamfanin inshora dunƙulen gaba ɗaya, su kuma su yi ta biyanka ko za ka kai shekara 100. Idan ka rasu cikin shekara 10 na farko, magada za su karɓi cikon na shekarun nan. Sun wuce, shi ke nan, babu gado. Abin da 'yan talla ba sa son jaddadawa kuma: daga tsakure kana iya komawa can, daga can babu dawowa. Don haka ni "fanshon mutu-ka-raba" nake ce masa.

Malamin Obalende: Ranka ya daɗe, ka fi ni. Na janye tawa.

Ɗan Agege: Baba wannan ta zauna, don ta ɗauko biyan har mutuwa da rashin fita duk a baki ɗaya. Maganar shekara 10 ce ba ta shiga ba, sai dai a riƙa bi da bayani. Ranar Juma'a zan gwada ta a kan dattawan masallacinmu, in akwai wanda ya yi tirjiya zan dawo da rahoto.