'Yata ta fara ƙirgar dangi, in saya mata rigar mama yanzu ko in dakata?

Maman Ummi, Garwa:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Don Allah shawara nake nema. 'Yata shekararta goma da 'yan watanni, tana aji CM1, wato aji biyar na firamare. Tun bayan ƙaramar salla na lura ta fara ƙirgar dangi, amma ɓangaren hagu kawai, ɗan ƙululu ne a ƙarƙashin kan maman, kuma tana cewa yana mata zafi in riga ta goge shi. Yanzu ta koma tafiya a duƙe, hijabi ba ya barin jikinta ko a tsakar gida duk da wannan zafin, ranar wasan motsa jiki kuma sai ta ce cikinta ke ciwo. Kakarta ta ce in na sa mata rigar mama yanzu zan jawo su fito da wuri, ƙanwata kuma ta ce na ma makara. Shin lokaci ya yi? In ya yi, wace iri zan saya, kuma yaya ake gane lambarta? Ɓangaren da bai fito ba fa, matsala ce?

Ungozoma, Marwa:

Wa alaikumus salam Maman Ummi. Ki kwantar da hankalinki, yarinyarki a kan hanya take. Ƙirgar dangi tana farawa ne tsakanin shekara 8 da 13. Ƙululun nan shi ne tushen maman kansa, yana da ɗan tauri kamar maɓalli a ƙarƙashin fata, kuma zafin da take ji na miƙewar fata ne da girman nama, zai lafa. Fara fitowa ta gefe ɗaya abu ne da aka saba gani sosai. Ɗayan yakan biyo baya cikin makonni ko 'yan watanni, kuma ko bayan sun fito duka ba lalle su zo daidai ba.

Shekaru ba su ne ma'auni ba. Abu uku za ki duba: ana ganin shaidarsa ta cikin riga, ko yana mata ciwo in ta yi gudu ko riga ta goge shi, ko ita da kanta ta fara ɓoye ƙirjinta. Ɗaya daga ciki ya isa. Taki ta haɗa biyu a fili, har da ƙin zuwa wasa, saboda haka lokaci ya yi.

Maganar Kaka kuwa, a ba ta haƙuri. Ƙwaƙwalwa ce ke ba jiki umarni, sinadaran balaga su fara aiki, kuma gado da ƙibar yarinya suna da hannu a lokacin farawar. Tsumma ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Rigar mama ba ta jawo kansar mama, rashinta kuma ba shi ke zubar da su ba. Amfaninta jin daɗi da sutura.

Abin da zan ja kunne a kai: kar kowa ya matse ƙululun, kar a kai ta wajen wanzami ya tsaga da sunan maruru. In aka cire ko aka lalata wannan tushen, maman wannan gefen ba zai girma yadda ya kamata ba har abada. Asibiti ake zuwa in ya fito kafin shekara 8, ko yarinya ta cika 13 babu alama, ko wurin ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi, ko jini ko mugunya na fita daga kan.

Ki kuma sa a lissafi cewa haila takan zo wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi bayan wannan. Watanni kafin zuwanta za ta fara ganin farin ruwa a wandonta. In ta kai 15, ko an yi shekara uku da fara ƙirgar dangi ba ta gani ba, nan ma a ga likita.

Adda mai shagon kayan mata, Ngaundare:

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su sayo ƙaramar lambar ta manya. Ta manya an ɗinka ta ne da ƙoƙo mai zurfi, yarinya kuma ba ta da abin da zai cika shi, sai ƙoƙon ya loɓa, ya fi fitowa ta cikin riga fiye da abin da ake son rufewa.

Ga Ummi yanzu, iri biyu ne. Na farko shimi ko singiletin auduga mai ninki biyu a gaba. In ba ki samu ba, ki kai wa tela mace singiletin da take da shi, ta ƙara masa shafi ɗaya na yadin auduga mai laushi ta ciki, daga hammata zuwa hammata, tsawon santimita 12 zuwa 15, ɗinkin ya bi ta gefe kar ya ratsa kan maman. Na biyu ita ce gajeriyar da ake zurawa ta kai, babu ƙugiya, babu ƙarfe, babu soso mai kauri, da roba mai faɗin santimita 2 zuwa 3 a ƙasa. Wannan ta fi dacewa da ranar gudu. Mai ƙugiya a baya sai nan gaba, in mama ya yi nauyi har yana motsi in tana sauri. Mai ƙarfe kuwa ki bar ta sai girma ya tsaya, don jiki na canzawa wata-wata, ƙarfen da ya zauna daidai yau gobe a kan nama zai hau.

Awo kuma da tef ɗin tela ake yi, tana tsaye da siririyar riga, hannuwa a sake, bayan ta fitar da numfashi. Ki zagaya tef ɗin daidai ƙarƙashin mama, ya kwanta ya miƙe, kar ya hau sama ta baya. Nan ne mutane ke ruɗewa, domin kasuwanninmu lamba iri uku ke shigowa. In awon ya ba ki 63 zuwa 67, a lambar Turai 65 ke nan, a lambar Faransa 80, a kayan da ke zuwa ta Najeriya masu lambar Ingila 30. In 68 zuwa 72 ne, to 70, ko 85, ko 32. Wato ta Faransa kullum ƙarin 15 ce a kan ta Turai. Harafin ƙoƙo sai an zo mai ƙugiya: ki sake auna saman mama, ki debe awon ƙasa daga ciki, in bambancin ya kai 12 zuwa 14, A ke nan, 14 zuwa 16 kuma B. Na yara da ake rubuta shekaru a jiki, 10 ko 12, kar ki dogara da rubutun. Tef ɗinki ya fi shi gaskiya, ki tafi da shi kasuwa.

In ta sa, ki gwada abu huɗu. Yatsu biyu su shiga ƙarƙashin robar ba da kokawa ba. Ta ɗaga hannu sama, robar kar ta biyo ta hau kan mama. Ta ja dogon numfashi ba tare da ta ji an shaƙe ta ba. In ta cire da yamma, shatin da ya rage a fata ya ɓace cikin ɗan lokaci. In ya daɗe ko ya yi ja, ta yi mata kaɗan.

Ki sayi uku, kar ki wuce haka, don nan da wata shida sai an sake awo. Auduga kawai. Da zafin Garwa na Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, mai leda ko leshi zufa za ta tara, kurajen zafi su feso, wani lokaci fatar ƙasan mama ta saɓule tana ƙaiƙayi. Kullum a canza, a wanke da hannu da ruwan sanyi da sabulu, a ɗauraye sosai don ragowar omo na sa ƙaiƙayi. Ruwan zafi da jabel (ruwan bilic) da dutsen guga su ne ke kashe roba. A shanya a inuwa mai iska har ta bushe ƙarau. Ni dai ban ba da shawarar gwanjo a nan ba, ba don komai ba sai don robarsu ta riga ta saki.

Goggo, Kusiri:

Duk na ji. Amma 'yar shekara goma da mama a ƙirji, idon maza fa? Me zai hana a ɗaure mata ƙirjin da ɗankwali ko matsattsiyar roba su ɗan dakata har ta ƙara wayo? Ai ba dutse mai zafi na ce ba.

Ungozoma, Marwa:

Goggo, tsoronki a kan gaskiya yake, amma ɗaurin ba magani ba ne. Ba ya tsayar da balaga, don abin daga cikin jini yake tafiya. Abin da yake yi shi ne ya hana ta cika numfashi, ya sa ciwon haƙarƙari, ya goge fata ta yi gyambo, ya kuma danne nama mai girma. Gasawa da dutse ko muciya ko taɓarya ya fi muni: ƙuna, ƙurji mai mugunya, mama ya lalace siffa, wasu su sha wahalar shayarwa daga baya. Binciken da hukumar GTZ ta Jamus ta yi a Kamaru a 2005 ya gano kusan mace ɗaya cikin huɗu an yi mata irin wannan, ya fi yawa a jihar Littoral, kuma shi ya sa ƙungiyar RENATA, ta matan da suka haihu tun suna ƙanana, ta tashi da yaƙi da shi. Tun 2016 kuma dokar hukunta laifuka ta ƙasa, sashe na 277-2, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ga wanda ya hana wata gaɓa ta jiki girma.

Akwai wata illar da ba a gani. Yarinyar da aka koya mata jikinta laifi ne, ranar da wani ya taɓa ta ko ya faɗa mata maganar banza, ba za ta faɗa wa uwarta ba. Kariyarta riga mai sakewa, sanin inda take zuwa da wanda ke raka ta, da kuma ta san in ta kawo ƙara ba ita za a daka ba.

Malamar firamare, Gidar:

Ƙarina kaɗan ne. Ki yi mata maganar ku biyu a ɗaki, ba gaban yayyenta maza ko baƙi ba, kuma ki hana 'yan gida tsokanarta da "an girma" ko "an kusa aure". Ƙirgar dangi farkon hanya ce, har yanzu yarinya ce. Ki fara da tambaya: "Rigar makaranta na damunki a nan?" Sai ki ce akwai abin da ake sawa a ciki ya rage zafin. Ki bar ta ta zaɓi kala. Amma in rigar makarantar mai haske ce, ruwan ƙasa ko kalar fatarta ta fi ɓacewa a ciki, fara tana haskowa, yara maza kuma ba sa raga wa abin da suka hango. Hannun rigar maman ya zama mai faɗi, ko mai haɗuwa a baya, kar ya riƙa zamowa ta wuya tana gyarawa a aji.

Ki faɗa wa babanta a gefe don kuɗin saye, ba sai an yi taro ba. Tunda zufar hammata ma ta fara canzawa a wannan lokacin, a ƙara wanka sau biyu. In kuma bayan an saya ta ci gaba da ƙin zuwa wasa, ki je makarantar ki ji ko wani ke tsokanarta.

Maman Ummi, Garwa:

Allah Ya saka da alheri, Ya raya mana su. Na auna, 61 ya ba ni. Wace zan ɗauka? Kuma za ta kwana da ita?

Adda mai shagon kayan mata, Ngaundare:

Amin. 61 yana cikin 58 zuwa 62, wato 60 a lambar Turai, 75 a ta Faransa. Ba kowane shago ke da ita ba, don haka ki nemi ta yara mai zurawa ta kai. Ki shimfiɗa ta a kan tebur ba tare da kin ja ba, ki auna robar ƙasa daga gefe zuwa gefe. In ta ba ki 27 ko 28, ita ce. Ƙasa da 25 za ta matse ta, sama da 30 za ta riƙa hawa sama. Ki ja robar ki saki, in ba ta koma nan take ba ki ajiye musu kayansu. Ki kuma shafa cikinta da bayan hannu, in ɗinki ko takardar lamba na karce ki, ita ma zai karce ta. Takardar a yanke ta da almakashi tun kafin ta sa.

Kwana kuwa, ta cire. Ba don tana cutarwa ba, sai don fata ta sha iska bayan zufar yini. In zafin wurin na hana ta barci, ta sa shimin auduga mai sakewa ta kwanta ta gefen dama.