An bar jaki ana dukan taiki: wane ne jakin a kisan fararen hula?

Ɗan Rigachikun: Salamu alaikum. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. A Mayun 2024 Hedikwatar Tsaro ta ce mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja. Da na ji haka sai na ce an bar jaki ana dukan taiki. Wani ya ce ban sa karin maganar a muhallinta ba. Ku raba mu.

Malam Na Kusfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, mutumin yana da gaskiyarsa. Taiki buhun fata ne, ba ya ji ba ya gani, duk inda jaki ya nufa can za shi. Soja kuwa yana da ido da hankali. Ranar da ka kira shi taiki ka wanke shi tas, ka ce ba shi da laifin komai.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, ku yi mini haƙuri. Ai ba wanke taiki ake yi ba, mai sandan ake zargi, wanda ya ga jaki ya kauce masa don yana tsoron harbi. Ku dubi My Lai a Biyetnam, 16 ga Maris 1968. Sojojin Amurka suka kashe mutum 504 a lissafin ƙasar, akasari mata da yara da tsofaffi. Laftanar William Calley kaɗai aka samu da laifi. Kyaftin Medina da ke samansa kotu ta sallame shi, Janar Koster, kwamandan rundunarsu, kuma rage masa tauraro ɗaya kawai aka yi. Shi Calley ɗin ma ɗaurin rai da rai ya koma kusan shekara uku da rabi na tsare a gida. Kowa ya ga inda sandan ta tsaya.

Malam Na Kusfa: Hajiya, ai kin kawo mini hujja. A ƙauyen nan, ranar nan, wani sojan Amurka, Hugh Thompson, ya sauke jirginsa mai saukar ungulu tsakanin sojoji da mutanen da ke gudu, ya sa aka kwashe su. Kakinsa ɗaya da na Calley. Ashe ana iya ƙi.

Ɗan Rigachikun: Na yarda, Malam, wanda ya danna ya amsa nasa. Amma wa ya kawo rahoton cewa 'yan bindiga ne? Wa ya ce a saki? A Rann ta jihar Borno ma, Janairun 2017, sansanin 'yan gudun hijira jirgin yaƙi ya buga, aka ce kuskure. Ni zan ci gaba da faɗin karin maganar har a fito da sunayen waɗanda suka ba da izini a Tudun Biri.