Neman shawara: abokina ya tasa ni gaba sai na sayi MacBook

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi haƙuri in ba nan ne wurin ba, amma na san akwai masana a gidan nan. Ni ɗalibi ne ina aji uku ɓangaren zanen gine-gine, a gefe kuma ina ɗan taɓa editin na bidiyon biki da katin gayyata, da shi nake rufa wa kaina asiri. Laftop ɗina ta tsufa, fankarta in ta tashi kamar injin markaɗe, batir kuwa ko minti goma ba ya yi in an ɗauke wuta. Na yi adashi na tara wajen dubu 500 ina so in sayi ta hannu mai kyau.

To matsalar ita ce wani abokina tun na sakandare, tunda yayansa ya aiko masa da MacBook ya zama wani mutum daban wallahi, yana da ƙyalle na musamman da yake goge ta da shi, in ka nuna abu a sikirin da yatsa sai ya buge maka hannu, har sitikar tuffar nan, tambarin kamfanin Apple mai yin Mac, ya manna a tankin mashin ɗinsa, kullum maganarsa wanda ya ɗanɗana ba ya komawa, mu masu Windows kuma sunanmu 'yan wahala. Jiya har ɗaki ya biyo ni yana cewa in na sayi wata ba Mac ba kar in ƙara gaishe shi. Dan Allah abin nan gaskiya ne ko dai tuffar ce kawai take ɗibar mutane? In sayi Mac ko in tsaya inda na saba?

Ɗan Sabon Gari:
Hhhh abokinka ɗan Pillars ne, ko an ci su uku da nema Sai Masu Gida zai ce maka. Haka 'yan Mac suke duk duniya, kar ka ga laifinsa.

Ɗan Mac tun tuni:
Wa alaikumus salam. Ƙanena abokinka bai yi ƙarya ba, iyaka dai ya cika zaƙewa. Ni shekara da shekaru ina kan Windows kafin in koma, kuma ba don ado na koma ba. Ka nemi MacBook Air mai M1, wato guntun sarrafa aiki na Apple, wadda ta fito ƙarshen 2020, ko fanka babu a cikinta, shiru kamar ba a kunne take ba. Akwai ranar da aka kawo min bidiyon kamu da dina, gobe da safe amarya take so, ranar taransfoma ɗin unguwarmu ta ƙone, na zauna a tabarma tun bayan la'asar har bayan isha ina yanka ina haɗawa ban nemi caja ba. Wannan ba labari aka ba ni ba. Ga wurin taɓawar nan na gaban kibod, tunda na saba da shi na manta da linzami gaba ɗaya. Ka buɗe murfi ta farka nan take, ba jira. Manhajar editin bidiyo ta Final Cut Pro kuma tasu ce su kaɗai, kusan dala 300, sau ɗaya za ka biya ba kuɗin wata-wata ba. Ni dai ko kyauta aka ba ni wata sai dai in sayar in ƙara kuɗi.

Maman Ikram:
Kun ji ko, shi ma ya fara 😂

Baba Malam:
Ɗana, bari in ba ka asalin abin, don in ka san daga inda zafin nan ya fito ba za ka ƙara jin haushin abokinka ba, kuma ba zai ƙara ruɗa ka ba.

Ita Macintosh ta fito ne a Amurka a watan Janairun 1984, kuɗinta dala 2,495, lokacin da yawancin kwamfutoci baƙin allo ne sai ka rubuta umarni da hannu. Ita kuwa ga hotuna ga linzami. Masu buga jaridu da mujallu da masu zane su suka fara rungumarta. Amma kasuwa ta tafi wajen IBM da masu kwaikwayonta, daga baya Windows ta mamaye ofisoshi da makarantu, 'yan Mac suka zama tsiraru. Kamfanin Apple har wani ma'aikaci ya ajiye, Guy Kawasaki, aikinsa shi ne ya yi ta zuga mutane da masu rubuta manhaja su riƙe Mac kamar wa'azi. Masu amfani da ita suka kafa ƙungiyoyi gari-gari suna haɗuwa suna koya wa juna.

A shekarun 1990 ina karatu a Ingila, a sashenmu mutum ɗaya ne mai Mac, wani Bature dogo, kullum ana tsokanarsa cewa kamfaninku ya kusa mutuwa ka nemi mafita, shi kuma fuskarsa ta yi ja ya yi ta kare ta kamar an zagi mahaifiyarsa. Kuma gaskiya suke faɗa, a 1997 Apple ya kai gargara. A shekarar aka tambayi Michael Dell, mai kamfanin kwamfuta na Dell, me zai yi da a ce Apple nasa ne, ya ce rufewa zai yi ya mayar wa masu hannun jari kuɗinsu. A watan Agustan shekarar, wurin taron Macworld a Boston, Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, da bai daɗe da dawowa kamfanin ba ya sanar cewa Microsoft masu Windows za ta zuba dala miliyan 150, aka hasko fuskar shugabanta Bill Gates a ƙaton allo, mutanen da ke zauren suka yi ta ihun ba ma so. Ka ji fa, kuɗin ceto aka kawo musu suna yi wa mai kuɗin ihu. Sai 1998 iMac mai launin shuɗi ta fito abubuwa suka fara miƙewa.

To waɗancan sun ga abin da suke so ya kusa bin ruwa ya dawo, zafinsu yana da dalili. Yaran yanzu gadon zafin suka yi ba su ga wahalar ba, kamfanin da suke karewa yau yana cikin mafi kuɗi a duniya, ba ya buƙatar ɗan makaranta ya yi masa faɗa. Duk da haka har gobe a kasuwar kwamfuta Lenovo da HP da Dell ne a gaba, Mac kusan ɗaya ce cikin goma, shi ya sa in biyu suka haɗu a ɗakin karatu sai ka ga suna yi wa juna murmushi kamar 'yan gari ɗaya a tasha. Ba su kaɗai ba ne ma, akwai 'yan kwamfutar Amiga a Turai, kamfanin Commodore mai yin ta ya rushe tun 1994 amma har yanzu suna taro suna gyara tsofaffin injinansu. Waɗannan abokinka ko almajirinsu bai kai ba.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi ban taɓa jin wannan ba.

Mai gyara:
Baba ya ba da tarihi, ni bari in ba da na kan teburi, don wajenmu ake kawo su in sun kwanta. Injin yana da kyau ba musu, wanda ya ce ba shi da kyau bai buɗe cikinsa ya gani ba. Amma ka sani sababbin nan ram ɗinsu da ma'ajiyarsu a manne suke da bod, yadda ka saye ta haka za ta mutu, in ka ɗauki mai 8 gig da 256 ba zancen in na samu kuɗi zan ƙara. Masu Windows irin su ThinkPad ko Latitude da yawa kuwa sukurudireba kawai zan sa in ƙara maka ram kana tsaye. Sikirin in ya fashe kuma a nan ake kuka, sau da yawa sai an nemo wata matacciya an ciro, ko a aika kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas a jira.

In ka nace sai Mac, ga abin da za ka yi a gaban mai shagon kafin kuɗinka ya bar aljihunka. Ka sa shi ya goge ta tas ya sake saita ta daga farko da intanet a haɗe, kana kallo. Tun daga masu guntun tsaro na T2 na wajen 2018 har masu M, in mai ita na farko bai cire asusunsa na Apple, wato iCloud, ba za ta tsaya ta nemi lambar sirrinsa, kuma daga nan ta zama faranti. Akwai kuma waɗanda na wani kamfani ne ko makaranta a waje, wurin saitin za ka ga ta rubuto cewa wata ma'aikata ce ke kula da ita, ita ma ajiye musu kayansu. Ka shiga bayanan injin wajen batir ka duba sau nawa aka yi cajinsa, Apple dubu ɗaya suka ƙiyasta wa na zamanin nan, in ka ga ɗari takwas da wani abu ka san canji ya kusa. Sannan ka kiyayi na 2016 zuwa 2019 masu siririn kibod ɗin nan, kamfanin da kansa ya buɗe shirin gyara shi kyauta a 2018, daga baya ya daina yin irinsa. Su ne ake cika turawa ɗalibai saboda sun yi araha kuma suna sheƙi. Masu guntun Intel, wato na kafin M, gaba ɗaya ma an sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce babbar manhajar Mac ta ƙarshe da za su samu, yawancinsu ma ba su kai ga samun ta ba.

Abu Sumayya:
Maigida ka taɓo min inda yake min ciwo. Bara na sayi wata a wani shago, mai shagon har da rantsuwa, tana aiki lafiya lau wata biyu, ranar da ƙanina ya ce bari ya goge min ita ta yi sauri sai ga sunan wata mata da ban san ko a wace ƙasa take ba, wai a sa lambar sirrinta. Na koma mutumin ya ce ai lafiya ya ba ni. Tana nan a saman wadirob, yara na ce mata madubi.

Anti Akitek:
Ni duk ban ga wanda ya kula da abin da yaron nan ya faɗa a layi na biyu ba. Zanen gine-gine yake karanta. Ƙanena, cikin manhajojin zanen gini Revit ba ta da ta Mac, Windows kawai take hawa, Lumion ma haka. AutoCAD akwai ta Mac amma fuskarta ta ɗan bambanta, malami yana nuna abu a allo kai kana laluben inda aka ɓoye shi, SketchUp da ArchiCAD ne suke tafiya a duka biyun. Da can masu Intel akwai Boot Camp, tun 2006 kana iya sa Windows a gefe, masu M ɗin nan da ake yabo babu wannan, sai dai ka sayi manhajar Parallels ka riƙa kunna Windows a cikinta, kuma 8 gig ba za ta ɗauki wannan da babban zane ba, rendarin kuwa, wato fitar da zanen kamar hoton gaske, katin hoto mai ƙarfi yake so. Ka je ka tambayi 'yan aji huɗu da biyar na sashenku da me suke aikin furojet, amsar da suka ba ka ita ce amsarka, ba ta abokinka ba. Shi me yake karanta ma tukuna?

Mai tambaya:
Anti aikin jarida yake karanta.

Anti Akitek:
To ka gani. Shi rubutu da sauti da bidiyo ne aikinsa, ta dace da shi ɗari bisa ɗari. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗan Mac tun tuni:
Anti da girmanki amma ai ArchiCAD ma a kan kwamfutar Apple ta fara, manyan ofisoshin zane a Turai da yawa da ita suke aiki. Kuma kar a manta bidiyon biki ne yake ba shi kuɗin, ba Revit ba. Sannan ku masu Windows ku faɗi gaskiya, wace ta hannu ce a wannan kuɗin za ta yi masa yini ba wuta? Ga bairos, ga a tsakiyar aiki ta ce sai ta sabunta kanta. In ya tashi sayarwa bayan shekara biyu ma Mac ta fi riƙe daraja.

Anti Akitek:
Ranar da zai kare furojet ba a Turai zai tsaya ba, gaban malaman sashensu zai tsaya. Batir kam na ba ka, ba na musu, ni kaina ina da Air a jaka da ita nake rubutu da duba saƙo in na fita. Amma zane yana kan ɗayar.

Ɗan Sabon Gari:
Au Anti ashe ke ma 'yar gida ce kike ɓoyewa 😂😂

Admin:
A ci gaba amma ban da gori dan Allah, na goge saƙo biyu. Wanda ya kira mutane talakawa saboda kwamfuta ya san kansa.

Maman Ikram:
Ni shawarata ba ta inji ba ce. Kar ka zuba duk kuɗin a kai, ka rage na jaka mai kyau da ma'ajiyar waje da za ka riƙa kwafe bidiyon mutane, in ka ɓatar wa amarya bidiyon kamu ba ruwanta da ko tuffa ce a murfin ko mangwaro. Abokin naka kuma tunda yana son ka haka, ya ara maka tasa kwana biyu ka gwada editin a kai mana, gani ya kori ji.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yau na tambayi 'yan aji biyar mutum huɗu, uku Revit da Lumion suke yi, ɗaya ArchiCAD, kuma duk huɗun Windows ce a hannunsu. Ina ga zan nemi mai 16 gig da katin hoto daban, Mac kuma sai bayan bautar ƙasa in Allah ya hore, don gaskiya maganar batir ɗin nan ta zauna min a rai. Maigida Mai gyara zan biyo ka ta akwati ka raka ni kasuwa ranar Asabar in ba damuwa.

Maman Ikram na gwada shawararki, na ce ya ara min kwana biyu. Ya yi shiru ya kalle ni, ya ce in zo ɗakinsa in yi a gabansa, kuma in wanke hannu.

Mai gyara:
Asabar bayan azahar ina shago. Ka taho da filas mai ɗauke da wani babban zanenka da bidiyo guda, a kansu za mu gwada.