Tsohuwar manhajar tsara madogara ta ƙi buɗewa a sabon macOS

Assalamu alaikum, ina neman taimako. Manhajar da nake tara madogaran bincikena tsohuwa ce, mai 32-bit. Tun da na sabunta kwamfutata, alamar hani ce a kan tambarinta, ko motsi ba ta yi. Na san macOS ya daina karɓar irinta tun sigar Catalina a 2019.

Na goge na sake girkawa, shiru. Na shigar da tsohon fayil ɗin RIS (fayil mai ɗauke da jerin madogara) a wata manhaja: sunayen marubuta da shekaru sun zo, amma babu fayilolin PDF da sharhin da na rubuta a kansu, kuma su suka fi damuna.

Kwamfutar mai Intel ce. In na girka Mojave (sigar macOS da ta gabaci Catalina) a na'urar kwaikwayo (virtual machine) cikinta, rumbun madogaran nawa zai buɗe da komai nasa?