Dutse a ɗaure cikin majajjawa

Baba Mai-Gero:
Salama gare ku. Jiya a nazarin Littafi Mai Tsarki mun tsaya kan Karin Magana 26, aya ta 1 da ta 8. Ta farko ta kwatanta girmama wawa da ruwan sama a lokacin girbi, ɗayar kuma da ɗaure dutse a majajjawa. Abin ya hana ni barci, sai na mai da shi waƙa. Sharaɗi ɗaya ne, kowane baiti ya rufe da "wa".

Na yanke gero na shanya a gona,
Ina jiran ɗauri in kai shi rumbuna,
Sai ga hadari daga gabas da rana,
Ya jiƙe zangarniya ta kama ruɓewa.

Ruwan da na roƙa a watan shuka,
Da ya zo da kaka shi ya sa ni kuka,
Girma ma haka yake, in aka miƙa
Ga wawa, alheri ya koma cutarwa.

Iliya Ɗan Ƙungiyar Mawaƙa:
Barka da ƙoƙari, Baba. Ni majajjawar ce ta tsaya mini a rai.

Ina yaro na yi korar jan baki,
Dutse a fata, a wulwula, a saki,
Wanda ya ɗaure shi ya ɓata aiki,
Don goshinsa dutsen ke dawowa.

Wawa bai hau kujera da kansa ba,
Bai buga wa kansa tambari ba,
Mai ɗaga shi kuwa bai tsira ba,
Shi za a fara daka wa tsawa.

Mama 'Yar Zumunta:
Ɗana Iliya, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ku buɗe Esta, sura 3 zuwa 7.

A Shushan sarki ya kai Haman sama,
Ya zare zobensa, ya ba shi dama,
Mordekai ya ƙi rusunawa, sai Haman ya kama
Shirin hallaka dukan Yahudawa.

Ya kafa gungume, kamu 50 tsayi,
Matarsa Zeresh da abokai suka ba shi ra'ayi,
Washegari ya ja dokin Mordekai layi-layi,
A gungumen nan aka kai shi ratayewa.

Ni fa sarkin nake tuhuma. Ya ba da zobe bai ko tambayi sunan mutanen da za a kashe ba, ga shi kuwa sarauniyarsa na cikinsu.

Autar Gida:
Mama, Baba, ku gafarce ni, ƙaramar cikinku ce.

Iyayena, ku bari in yi tambaya,
Bitrus ya ce a girmama kowa, ba wariya,
Yesu ya hana kiran ɗan'uwa wawa, gaskiya,
To wa ya ba mu mudun aunawa?

Ina nufin 1 Bitrus 2:17 da Matiyu 5:22.

Baba Mai-Gero:
Madalla, 'yata, tambayar ta yi. Wawan da ake magana a kai ba wanda bai yi boko ba ne, ba kuma mai laluran ƙwaƙwalwa ba. Shi ne wanda hanyarsa kullum daidai take a idonsa, bai jin shawara, kamar yadda Karin Magana 12:15 ta nuna.

Gaisuwa ta kowa ce, ki ba shi,
In ya zo da ƙishi, ki shayar da shi,
Makullin rumbu ne na hana a damƙa mashi,
Kar a wayi gari tsaba ta gama zubewa.

Nabal yana da tumaki 3,000,
Ya ce wa yaran Dawuda wane ne ubangidanku,
Abigel ce ta ɗaura gurasa ta yi taku,
Ta tare takuba 400 kafin isowa.

Sunan Nabal ma ma'anarsa wawa ne, matarsa Abigel da bakinta ta faɗa, a 1 Sama'ila 25. Arziki bai canza masa suna ba.

Malamin Lahadi:
Tunda an zo maganar arziki, bari in kawo ta gida. Ba zan kama suna ba.

A majami'armu mun tashi gini,
Wani ya zo da babbar riga mai aini— 

A'a, bari in gyara, hannuna na rawa.

A majami'armu mun tashi yin gini,
Wani mai kuɗi ya zo da rawani,
Muka ba shi shugabancin kwamiti, ba tunani,
Aka ture dattijon da ya san ginawa.

Magini ya ce a ƙara ƙarfe, ya ƙi ji,
Ya ce da kuɗinsa ba ya zama almajiri ga maƙeri ko injiniya, ya fi ƙarfin gwaji,
Damina biyu, bango ya tsage kamar an sa takobi daga kube an ji,
Yau a ƙarƙashin darbejiya muke taruwa.

Baitin ya yi tsawo, ku yi haƙuri, ciwon ne ya fi ƙarfin ma'auni.

Iliya Ɗan Ƙungiyar Mawaƙa:
Malam, Mai-Wa'azi ya riga ku gani, a 10:5 zuwa 7.

Ya ga wauta a zaune kan gadon sarauta,
Bayi a kan doki suna ta fafata,
'Ya'yan sarki a ƙasa, ƙura ta rufe ƙafata,
Ya ce kuskuren daga mai mulki yake fitowa.

To a wurinku, Malam, wa ya kawo sunan mutumin?

Malamin Lahadi:
Ka kama ni, ƙanena.

Ni na miƙe a taro na kira sunansa,
Ni na fara tafi da aka karanta alkawarinsa,
Yaƙub 2 na koyar a makon zuwansa,
Na rufe littafin na je tarbowa.

Dattijon da muka ture har yau yana gaishe ni. Ni ne nake sauya hanya in na hango shi.

Mama 'Yar Zumunta:
Malam, gidansa ba nisa, ko? Ka je da yamma, ka riƙe goro. In kunya ta hana ka, ka biyo ta gidana mu tafi tare.